Tambayoyin Masu Karatu: Sunan Jami'a ko Ƙarfin Sashe?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Agege, asalinmu Katsina. Ɗana yana ajin ƙarshe a sakandare, yana son karanta kemistiri ko fiziks. 'Yan'uwa sun ce lallai sai UNILAG ko Ibadan saboda suna, shi kuwa hankalinsa na Zariya. Wacce ta fi? Daga wani uba, Agege.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Alhaji. Allah Ya yi wa yaron albarka. Ta fuskar suna, duka ukun babu ta yarwa. Ibadan ta fara a 1948, UNILAG da ABU kuma a 1962. Amma yaro a sashe ɗaya zai yi shekara 4, tsakanin malamai ƙalilan da ɗakin gwaji biyu ko uku, don haka sashen za a auna.

A fara da takarda. Hukumar NUC mai kula da jami'o'i kwas-kwas take tantancewa, ba jami'a dunƙule ba. Cikakkiyar amincewa shekara 5 ce, ta wucin gadi shekara 2, wanda ya faɗi kuwa akan dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai a cikinsa. Babbar jami'a tana iya samun kwas guda da ke ɗingishi, sunanta ya rufe shi.

Sai a je a gani da ido. Daga Agege zuwa Akoka, inda UNILAG take, ba nisa, Zariya ma ba za a rasa ɗan'uwa da zai leƙa ba. A nemi ɗalibin aji 3, a tambaye shi: mutum nawa ke tsayawa kan tebur ɗaya a darasin gwaji? Idan 3 ne ko 4, kowa zai riƙe kwalba ya auna da hannunsa. Idan sun kai 15, ɗaya ne ke aiki, sauran kwafar sakamako suke. A kuma tambayi manyan na'urorin tantance sinadarai, irin GC-MS da AAS, yaushe aka kunna su na ƙarshe. Nan ne aka fi ruɗar iyaye. Za ka ga na'ura mai tsada an lulluɓe ta da leda, ba don ta lalace ba: tukunyar iskar da take aiki da ita ta ƙare, ko wutar ba ta tsayawa, ko ma'aikacin da ya iya ta ya bar aiki. Ɗalibin ajin ƙarshe sai ya ɗauki samfurinsa zuwa wani wuri, kuma daga aljihunka kuɗin zai fito.

Yanzu ga bambancin. In fiziks ne, musamman ɓangaren nukiliya, Zariya tana da abin da sauran ba su da shi. A cibiyar binciken makamashi ta ABU, wato CERT, ne ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike take, NIRR-1, mai ƙarfin kimanin kilowat 30, tana aiki tun 2004. Ba a sakar wa ɗan aji 1 ita, amma malaman da ke kewaye da ita su ne riba, musamman a aikin kammalawa da digiri na biyu. In kuwa kemistirin masana'antu ne, mu Legas za mu zaɓa. Horon SIWES na wata 6, wato koyon aiki a masana'anta, yana buƙatar wurin da ake aiki da gaske, ga masana'antun Ikeja da Ilupeju da Apapa, ga cibiyar binciken masana'antu ta FIIRO a Oshodi. Sau da yawa daga nan aikin farko ke fitowa.

Kada a manta da lissafin shiga. A UNILAG makin JAMB kashi 50 ne, jarrabawar jami'a 30, sakamakon sakandare 20. Mai maki 280 a JAMB, a raba da 8, yana da 35 cikin 50 ke nan. Suna son a zaɓe su a farko, kiredit 5 kuma a zama ɗaya. Jami'o'in tarayya kan raba gurbi kashi 45 cancanta, 35 jihohin yanki, 20 jihohin da ke baya a boko. Yankin UNILAG jihohin Kudu maso Yamma ne guda 6, kuma jihar asali ake dubawa, ko da a Agege aka yanke wa yaro cibiya. Katsina tana cikin rukunin kashi 20, a Zariya kuma tana cikin yanki.

Tambaya: Na gama digiri a fannin noma, ina neman na biyu a waje. In bi jerin QS na darajar jami'o'in duniya ne kawai? Daga wata ɗaliba, Idi-Araba.

Amsa: A'a, Malama. Kashi 30 na makin QS ra'ayin malaman jami'o'i ne kan wadda suke ganin girmanta, 15 kuma ra'ayin masu ɗaukar ma'aikata. Jerin Shanghai ya ba masu lambar Nobel da ta Fields (ta lissafi) kashi 30. Babu ɗaya da ke gaya miki ko akwai mai bincike kan gero ko dawa. Ki buɗe jerin fanni-fanni, za ki tarar da Wageningen ta ƙasar Holan a sahun gaba a harkar noma, alhali ba kowa ya san sunanta a nan ba. Daga nan ki zaɓi malamai 3, ki karanta abin da suka wallafa a shekara 5 da suka wuce, ki rubuta wa kowanne gajeriyar wasiƙa ki tambayi ko yana da kuɗin ɗaukar ɗalibi a bana.