Wanzamin Teku: Shin Macen Kifin Nan Tana Zama Namiji?

Tambaya: Assalamu alaikum. A wani shagon kifin ado a Lekki na ga ɗan kifi shuɗi mai baƙin layi. Mai shagon ya ce macensa kan rikiɗe ta zama namiji. Gaskiya ne? Zan iya kiwonsa a gida? Mai karatu daga Agege.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mai shagon bai yi maka ƙarya ba. Sunan kifin a kimiyyance Labroides dimidiatus, tsawonsa bai cika wuce santimita 12 ba. Baƙin layin yana tashi daga baki, ya ratsa ido, yana ƙara faɗi har wutsiya. Ƙananansa kuwa baƙaƙe ne masu shuɗin layi mai ƙyalli.

Ba kifin gaɓar Legas ba ne. Mazauninsa duwatsun murjani na Bahar Maliya da Tekun Indiya da na Pasifik. Can yake kama wuri guda kamar rumfar wanzami, manyan kifaye su zo su yi layi, su buɗe baki, shi kuma ya shiga yana tsince musu ƙwari masu shan jini, kamar yadda ake cire wa saniya kaska. Ba sa haɗiye shi. Amma wanzamin yana da ha'inci: yauƙin jikin kifi ya fi masa daɗi, in ya ga dama sai ya ɗan gatsa, wanda ake wa askin ya zabura ya kore shi.

Namiji ɗaya ke riƙe da mata da yawa, kuma mafi girmansu ita ce uwargida. In lokacin saka ƙwai ya yi, sai ya riƙa kewaya macen da cikinta ya cika, yana karkaɗa jiki da fukafukai a buɗe. Daga nan su yi sama tare a guje, su saki ƙwai da maniyyi cikin ruwa, su dawo ƙasa. Igiyar ruwa ke tafiya da ƙwan, babu reno. Idan namijin ya mutu, cikin 'yan awoyi uwargida za ta fara ɗabi'unsa, wajen mako biyu kuma jikinta ya gama juyawa. Wani masanin kifi mai suna Ross Robertson ne ya bayyana haka a 1972, bayan nazari a tsibirin Heron na Ostireliya.

Batun kiwo kuwa, ba mu ba ka shawara ba. Ruwansa na buƙatar gishirin teku na musamman, gram 35 a kowace lita, ba na miya ba, da ɗumi tsakanin digiri 24 zuwa 27. Ruwan ƙarƙashin gadar Third Mainland bai dace ba, gishirinsa na raguwa da damina, ga datti. In aka ɗauke wuta famfon iska ya tsaya, numfashi zai gagare shi. Babbar matsalar dai yunwa ce: kifi biyar ko shida na akwatin gilashi ba su da ƙwarin da za su ƙosar da shi, sai ya dame su da gatsa, shi kuma yana ramewa har ya mutu.