Tsofaffin finafinan James Cameron a 4K: me za ka samu?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na sayi talabijin mai 4K, irin mai fito da hoto tas ɗin nan, ina so in sake kallon finafinan darakta James Cameron da muka kalla a kaset muna yara. Akwai waɗanda aka gyara suka fito tas, ko in haƙura? Daga mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Akwai su, ɗan'uwa, amma kada ka yi gaggawar murna. A watan Maris na 2024 aka fitar da Aliens na 1986, da The Abyss na 1989, da True Lies na 1994 a faifan 4K. Biyun ƙarshen nan ma an shafe shekaru ana jiransu.

Abin da ya sa gyaran ke yiwuwa shi ne, da zaren fim mai faɗin milimita 35 aka ɗauke su. Zaren nan yana riƙe da bayanin hoto fiye da abin da kaset ya taɓa nuna mana, don haka in aka sake ɗaukarsa da na'ura hoto bayan hoto, sai a ga abubuwan da da can suka ɓoye. Finafinanmu na Kano na farkon shekarun 1990 ba su da wannan gata, tunda kai tsaye a kaset ɗin bidiyo aka ɗauke su.

Inda gizo ke saƙa shi ne hannun mai gyara. Zaren fim yana da wasu 'yan ɗige-ɗige a jikinsa, kuma cikinsu ne gashin gemu da ramukan fata suke. Kamfanin Park Road Post na New Zealand, wanda ya yi aikin, ya sa ƙirƙirarriyar basira ta share su ta kuma ƙara wa hoton kaifi. A True Lies abin ya yi yawa: wasu fuskokin sun yi sumul kamar an shafe su da man kaɗanya. The Abyss ya fi fitowa da kyau, ni da shi zan fara.

Ka kuma lura da abin da ake tura maka. Faifan 4K yana ɗaukar gigabait 66 ko 100. Fayil mai gigabait 2 da aka rubuta wa 4K an matse shi ne har ya galabaita. Sannan ka shiga saitin hoton talabijin ɗinka ka kashe Noise Reduction, wato mai share ɗige-ɗigen hoto, da abin da ke santsar da motsi, ka zaɓi Filmmaker Mode in akwai, don kada ta ƙara goge hoton da aka riga aka goge.