Yaran sun ƙi sakin jiki da ni, ina mafita?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce mai karatun digiri na uku a birnin New York. Na fara bincike kan yaran baƙi 'yan Afirka ta Yamma a makarantun sakandare na unguwar Bronx. Duk abin da na tambaye su sai su ce "lafiya lau". Ina kuskurena?

Amsa: Ƙanwata, gaggawa kika yi. Yaron da ya iso bara daga Yamai ko zangon Kumasi, an ja masa kunne kada ya buɗe wa baƙo cikinsa. Sai ga ki da takarda da na'urar ɗaukar murya. A idonsa ke da jami'in shige da fice duk ɗaya ne.

Ki soke tambayar takardun zama daga jerinki yau ɗin nan. Tun 1982 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Plyler da Doe, ta hana jihohi rufe wa yaro ƙofar makarantar gwamnati don ba shi da takardu. Abin da makaranta ba ta sharɗanta ba, ke me ya kai ki? Kuma abin da ba ki rubuta ba, ba mai ƙwace shi a hannunki.

Izinin jami'arki da na hukumar makarantun birnin wajibi ne, amma sa hannun uwar da ba ta karanta Turanci ba yarda ba ce. Ki je masallacin unguwa ki gaisa da liman, ki zauna da iyaye mata a shagon kitso, ki yi musu bayani da harshensu.

Wurin da nake so ki daɗe shi ne takardar da ake cikewa ranar shiga makaranta, mai tambayar harshen gida. Sau da yawa uba yakan rubuta Faransanci ko Turanci, alhali Hausa ko Fulatanci ake yi a falo. Haka yaron da ya shekara shida a makarantar allo, ya haddace izu goma, yana rubuta Larabci tas, ana iya lissafa shi cikin masu giɓin karatu. Wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Ki daina tambayar "yaya makaranta?" Ki ce ya ba ki labarin jiya: a ina ya yi azahar, da wa ya ci abincin rana, wa ya raka mahaifiyarsa asibiti ya yi mata tafinta. Wata guda na farko, na'urar ta zauna cikin jaka.