Fashin da ake wa ƙananan masunta a teku, doka ta san da shi?

Malam, ka ce ƙaninka da ya bar Kaduna ya tafi su a bakin tekun Akwa Ibom, 'yan bindiga sun tare su cikin dare, sun kwance injin kwalekwalensu sun bar su suna shawagi, kana tambaya ko doka ta ɗauki wannan fashin teku. Allah ya mayar masa da alheri.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan dokar teku ta 1982 tana kiran abu fashin teku ne idan ya faru bayan mil 12 na ruwa daga gaɓa. Wanda ya faru ƙasa da haka, inda masunta irin ƙaninka suke jefa koma, fashi da makami ne a ruwan ƙasa. Amma kada wannan ya karya maka gwiwa. Dokar da Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a 2019 ta haɗa duka biyun: ɗaurin rai da rai, tarar da ba ta wuce naira miliyan 50 ba, da mayar wa mai kaya kayansa. Babbar Kotun Tarayya ce ke shari'ar. A 2021 ta ɗaure mutum 10 shekara 12 kowannensu a Legas kan kwace jirgin kamun kifi na 'yan China.

Abin da ke ci min rai, talakan masunci ba ya kai ƙara. Ka matsa masa ya je wurin sojan ruwa ko 'yan sandan ruwa da rasit da lambar jikin injin, ya tafi da abokan aikinsa su ba da shaida.