Matakala a Gangaren Lambu: Amsa ga Manoman Legas

Wani manomi da ke noman alayyafo da latas a wajen Ikorodu ya aiko da tambaya cewa lambunsa yana kan gangare, rafin da yake ɗiban ruwa kuma yana can ƙasa, har santsi ya kwashe shi sau biyu a daminar bana yana ɗauke da bokitai. Ya ce filin na haya ne, don haka yana neman shawarar yadda zai yi matakala ba tare da ya zuba kuɗin siminti a ƙasar da mai ita zai iya karɓe abinsa kowane lokaci ba.

Malam, Allah ya kiyaye gaba, kuma ka yi tunani mai kyau da ka guje wa siminti. Abin da ke cinye matakala a Legas ruwa ne, ba sawun mutane ba, domin ruwan saman da ke sauka a nan yakan haura milimita 1,500 a shekara, wato kusan ninki biyu na abin da muka saba gani a Kano. Saboda haka, kafin ka sari taki ko ɗaya, ka fara haƙa 'yar magudana a saman gangaren wadda za ta kau da ruwa gefe, ka sauko da ita ta gefen hanyarka, sannan ka jera mata duwatsu ko fasassun bulo don rage ƙarfin gudu. Idan ba a yi haka ba, ruwan watan Yuni zai mai da matakalar kanta kwata.

Daga nan sai awo. Ka kafa doguwar sanda a gindin gangaren, ka ja igiya daga sama zuwa jikinta, ka daidaita ta da siririn tiyo mai ruwa irin wanda magina ke amfani da shi. Idan, a misali, tsayin sandar daga ƙasa zuwa igiyar ya kai mita 3, tsawon igiyar kuma mita 7, to ka raba tsayin da santimita 15, za ka sami taki 20, sannan ka raba tsawon igiyar gida 20, kowane taki zai sami faɗin santimita 35. Wannan awon ya dace da mai ɗauke da kaya. Abin da ya fi muhimmanci shi ne kada tsayin wani taki ya bambanta da na ɗan'uwansa, domin ƙafa kan saba da awo da wuri, kuma wanda ya saɓa shi ne mai kayar da mutum.

Wajen kayan aiki, a ganina tsofaffin tayoyin mota sun fi komai dacewa da kai, kuma masu faci kan bayar da su da arha. Ka fara daga ƙasa, ka binne taya ta farko kusan rabi, ka huda gefenta na ƙasa, ka cusa mata jar marmara har cikin kumatunta, kana yi kana daɓewa da taɓarya. Kada ka bar rami ko kaɗan a ciki, don taya mai riƙe ruwa gidan sauro ce. Ta biyu ta hau bayan ta farko ta danne ta, sauran ma haka har sama. Tun da kaurin taya yakan ɗan wuce santimita 15, sai ka riƙa nutsa kowacce daidai gwargwado, ka kuma ɗan karkata fuskarta gaba don kada ruwa ya kwanta. Katako da gora suna da kyan gani, amma gara da danshin Legas ba sa barinsu su daɗe. A ɓangarorin biyu ka dasa ciyawar jema, wadda saiwarta ke nutsawa ƙasa sosai ta riƙe gangaren.

Wani kuma daga Epe ya tambaya ko buhunan shinkafa cike da yashi za su wadatar. Za su fisshe ka na damina ɗaya kawai, domin rana tana ruɓar da ledar cikin 'yan watanni, yashin ya tsiyaye. Idan su ne a hannunka, ka cika su da marmara maimakon yashi, ka lulluɓe su da ƙasa, ka kafe kowanne da guntun rodi ta gaba. Aikin ya fi kyau a watan Nuwamba, lokacin da ruwa ya ɗauke amma ƙasa ba ta riga ta ƙeƙashe ba.