An ce na'ura ta gano ɓurɓushin hodar iblis a jakar ƙanena

Tambaya: Barista, ƙanena direban haya ne. An tare shi a hanya, aka goga ɗan ƙyalle a jakarsa ta gwanjo da kuɗin cinikinsa, aka ce gwaji ya nuna hodar iblis. Ko ƙulli ɗaya ba a same shi da shi ba. Ina mafita?

Amsa: Malam, Allah ya fitar da shi lafiya. Abin da dokar NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta hukunta a sashe na 19 shi ne mallakar ƙwaya da saninka, kuma hukuncin ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ne. Kalmar "sani" ɗin nan ita ce ƙashin bayan shari'arku, kuma masu gabatar da ƙara ne za su tabbatar da ita, domin sashe na 36(5) na tsarin mulkin 1999 ya ɗauki ƙanenka marar laifi.

Gwajin bakin hanya alama ce kawai. Na ainihi a ɗakin bincike ake yin sa da na'urar GC-MS, wadda ke ware sinadarai, ta farfasa kowanne, ta auna nauyin gutsattsarinsa. Kowane sinadari da irin fashewarsa, kamar zanen yatsa. Tana iya kama kashi ɗaya cikin biliyan na giram, to amma wannan kaifin nata shi ne abin lura: za ta ce hodar ta taɓa jakar, ba za ta ce a hannun wa ba, ko yaushe. A 2009 wani bincike na Jami'ar Masacusets da ke Datmos a Amurka ya sami ɓurɓushin hodar a kusan kashi 90 cikin 100 na takardun dalar da aka gwada. Kuɗin direba kuwa hannu nawa suka ratsa?

Yau ɗin nan ku samo masa lauya, kada ya sa hannu a wani bayani sai lauyan na wurin. Na sha ganin takardar amsa laifi ta kayar da wanda hujjar kimiyya ba ta isa ta kama ba, abin yana ci mini rai. Lauyan ya nemi rahoton gwajin, da bayanin wanda ya ɗauki samfurin, ko ya sauya safar hannu, da inda aka ajiye shi, sannan ya roƙi kotu ta kira mai gwajin a yi masa tambayoyi.

Babbar Kotun Tarayya ce ke da hurumin wannan shari'a, a can za a nemi beli. Ku lalubo wanda ya sayar masa da jakar tun bai manta da shi ba.