Shugabana ba ya cewa e, ba ya cewa a'a

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Watana huɗu da fara aiki a wani ofis a nan Damagaram. Duk shawarar da na kai wa shugabana sai ya ce "to, za mu gani". Abokiyar aikina kuwa ko sallama ba ta yi a WhatsApp, sai dai "aiko mini da rahoton". Raina ni suka yi ne? Daga wata 'yar'uwa a Sabon Gari.

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, ban ga raini a nan ba tukuna.

Shugabanki na cikin mutanen da kunya ke hana su ce wa mutum a'a ido da ido. Wani masani ɗan Amurka, Edward Hall, ya bayyana a 1976 cewa akwai al'ummomin da saƙonsu ba ya ƙarewa a kan kalmomi, sai an haɗa da murya da fuska da wanda ke zaune a wurin. Mu ma haka muke. Saboda haka ki lura da hannunsa. In ya jawo takardar gabansa ya tambayi nawa abin zai ci, yana tunani ne. In ya ture ta gefe ya shiga tambayarki lafiyar mutanen gida, an ƙi ke nan, cikin mutunci. Kada ki tsare shi a gaban taro. Ki same shi shi kaɗai bayan azahar, ku gaisa sosai, sannan ki ce: "Ranka ya daɗe, in dawo ranar Alhamis ko in ajiye maganar?" Kin ba shi hanyar faɗin gaskiya ba tare da ya ji nauyinki ba.

Ita kuwa abokiyar aikin, duba ko haka take yi wa kowa. In haka ne, gaggawa ce kawai. Ki yi sallamarki a layi ɗaya, ki aika abin da ta nema.

Akwai kuma batun harshe, wanda ake yawan mantawa. Tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, amma Faransanci na nan cikin harsunan aiki. Wani ya fi gane saƙon murya da Hausa, wani sai ya ga rubutu da Faransanci hankalinsa ke kwanciya. Tambayi kowa wanne ya fi so, ba abin kunya ba ne. Kuma duk abin da kuka yanke da baki, kafin a tashi ki rubuta shi a layi biyu, da sunan mai yin aikin da ranar kawo shi, ki tura musu.